Abin da Na Ɓoye a Bayan Faifai

Nima, Ankara (ta Gana, ba ta Turkawa ba)
Ranar Laraba, bayan Azahar

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda uba ke yi wa 'yarsa ta fari, wato gaisuwar da ake yi ana kallon bango, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki zaune a kujera sosai, ba a kan buhun albasa ba. Allah ya sa direbanku ya ƙoshi da barci, ya naɗe miki hanyar Tamale kamar tabarma, ya sauke ki gaban ɗalibanki da lafiyarki da mutuncinki. Amin.

Na damƙa wa ƙanwarki Adiza wannan takarda da umarnin kada ta miƙa miki sai mota ta tayar a tashar Tudu, don kada ki samu damar maido mini da ita. Za ki ce tsoro ne. Ni tsari nake kiransa. Mutumin da ya shekara talatin yana buga wa kamfanin jiragen ruwa takardu a tafireta ya san cewa magana mai nauyi ba a ɗora wa harshe ita, takarda ake ɗora wa. Daga ƙofar ɗakina zuwa ta ɗakinku taku tara ne, na ƙirga, amma shekara bakwai ke nan ban iya cinye su ba.

Sau uku kika tambaye ni abin da ya kashe mahaifiyarki da abin da ta faɗa kafin ta cika. Sau uku na ba ki amsar da ake ba yara. Yau shekarunki ashirin da ɗaya, gobe za ki bar gidana, kuma amsar ba labari ce kawai ba, ta shafi lafiyar jikinki. A cikin wannan takarda zan ba ki ita. Sai dai ki yi haƙuri in bi ta doguwar hanya, domin matsoraci da ɗan yatsa yake fara taɓa ruwan sanyi. Ban da haka, Adiza ta tsegunta mini cewa kin sa ƙwayoyin ludu biyu a akwatinki, da niyyar koya wa 'yan matan makarantarki wasan Ayari. Wanda ya ɓata wasa da hannunsa, shi ya fi kowa cancantar gargaɗin magajinsa.

Kin san wasan, amma ba ki san asalinsa ba, domin na bar ku kuna zaton daga ƙwaƙwalwata ya tsiro, ban kuwa ga dalilin gyara kyakkyawan zato ba. Ga gaskiyar. A shekarar nan ta yunwa, lokacin da masu hankali ke bin layin gari, ni ina tsugune gaban mai sayar da tsofaffin littattafai a gefen titin Tudu. Can ƙasan tarin na tarar da wani littafi ba bango, gara ta ci shafukan farko har da sunan wanda ya rubuta shi, abin da na ɗauka hukunci ne na adalci. Wasa ne na Turawa. Mutum ɗaya yana riƙe da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai aikata, sai a jefa ƙwaya ta yanke ko ya yi nasara ko ya sha ƙasa. Littafin cike yake da dodanni, da matsafa masu dogayen huluna, da zanen wasu mata waɗanda bisa ga dukkan alamu yadi ya ƙare wa telansu. Na sallami duk wannan taro. A madadinsu na sa fatake, kakanninmu, masu ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano.

Ke, kina 'yar shekara goma, kika zama Maduga, shugabar ayari mai jakuna arba'in. Adiza, 'yar shida, ta zama mai ba jakuna ruwa. Maƙwabcinmu Baba Seidu tela ya zo don ya yi mana dariya, ya ƙare a matsayin Jagaba, mai shige wa ayari gaba. Mahaifiyarku ta ƙi ɗaukar kowa. Takan zauna gefe tana ninke atamfofin da ta dawo da su daga kasuwar Makola, tana jefo magana kamar alƙalin da ba a gayyata ba. Ni kuwa ina bayan faifan da na jingina a kan ɗan tebur, ina jefa ƙwaya inda ba mai gani, domin littafin ya ce mai labari ya ɓoye hannunsa. Kowace Lahadi bayan La'asar muke zama, a tsakar gidan Hajiya Memuna, inda iyali tara ke raba famfo ɗaya, sirri kuma ba ya kwana.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba game da wannan tebur. Al'ada ta hana ni sakewa da 'yar fari, ta kuma hana ni kiran sunanki tunda na uwata ne. Amma babu al'adar da ta hana mai labari ya dubi idon 'yar wasa ya ce, "Maduga, ga kogi ya cika, me za ki yi?" A nan kaɗai nake jin yadda kike tunani. A nan na gano kin fi ni ƙarfin hali, abin da ya faranta mini rai, ya kuma ɗan ɓata shi.

Kuskurena na farko na zarce gona da iri ne. A Lahadi ta uku na kawo 'yan fashi a mashigar kogi. Kuma da yake na karanta yaƙe-yaƙen Rumawa da na Farisa a tsaye, kyauta, gaban masu littattafai, sai na ga lokaci ya yi da duniya za ta amfana. Na ɗauki kusan kwata na awa ina bayyana yadda shugaban 'yan fashi ya fille kan wani mai dako, da inda kan ya gangara, da abin da ungulaye suka fara ci. Na yi muryar ungulun ma. Baba Seidu ya tafa. A wannan mako Adiza ta ƙi shiga bayi ita kaɗai, ta jiƙa tabarma sau biyu.

Ranar Juma'a Hajiya Memuna ta kafa kotu ƙarƙashin dalbejiya, ta kuma gayyato Malam Fuseini, limamin masallacin kusurwa, don hukunci ya yi nauyi.

"Karaci," in ji ta, don haka take kiran duk mai aikin ofis, "ni na haifi tara, na binne uku, ba a taɓa yanka mutum da baki a tsakar gidana ba sai da ka sayo littafi. Yarinya ya ƙi cin nama kwana huɗu. Nama, Karaci! A wannan shekara!"

Na miƙe na yi jawabi. Na kawo tarihin tatsuniya tun daga Bagadaza, na nuna cewa ƙwayarmu ba ta caca ba ce tunda ba a sa ko ƙwandala. Liman ya saurare ni har ƙarshe, domin mutum ne mai haƙuri da masu ilimin boko, sannan ya ce, "Na yarda ba caca ba ce. Amma mai jefa ƙwaya ya ce wane ya mutu, aikin wa ya ara?"

Washegari na je ofis na buga dokoki a tafiretar kamfani, kwafi uku, ɗaya ga Hajiya, ɗaya ga Liman, ɗaya na liƙa a bayan faifai. Babu mutuwa. Babu jini. Babu aljani. Babu soyayya. Babu ciwon da ya wuce mura.

Ki riƙe wannan, Uwata: Hajiya ce ke da gaskiya. Abin da na yi ran nan ba faɗin gaskiya ba ne, nuna iyawa ne, kuma Adiza ce ta biya. Kafin ki buɗe baki gaban ɗalibanki, ki nemi fuskar da ta fi ƙanƙanta a wurin, ki auna maganarki da ita, ba da wadda ta fi tafi ba. Kuma akwai tazara mai nisa tsakanin a ce mutum ya mutu da a tsaya ana lissafa hanjinsa. Ni ban ga wannan tazara ba. Da aka kama ni da na biyun, sai na soke har da na farkon.

Shekara huɗu ayarinmu ya yi yana tafiya a wata duniya da ko Aljanna sai ta yi mata kallon mamaki. 'Yan fashi kan tare hanya, a yi musu nasiha, su ji kunya su koma gida. Kura kan zo zango ta tarar ba ta jin yunwa. Jakin da ya faɗa rami sai in ce ya yi ritaya, yana hutawa wurin danginsa. Duk lokacin da ƙwaya ta faɗi da mummunan lamba a bayan faifai, nakan gyara murya in ƙirƙiro wani ɗan sa'a.

"Karaci," in ji Baba Seidu wata rana, "wannan ɓarawo naka kullum ya zo ya gaida mutane ya tafi. Kawo shi Nima ya koyi aiki, ana kunyata sana'a."

Mahaifiyarku ba ta ko ɗaga kai daga atamfa ba ta ce, "Malam, da koko ake fara yaro, amma ba a barinsa a kan koko har ya yi gemu."

Na ce mata wannan ba karin magana ba ne, yanzu ta ƙirƙira shi. Ta ce to yanzu ya zama.

Kina da shekara goma sha uku kika yi tambayar da ta kamata ta farkar da ni. Ayari na shirin tashi daga Salaga, kika duba takardarki, kika ce, "Baba, jakuna arba'in ba za su ɗauki wannan goro duka ba. Su wa ke ɗaukar sauran? Malaminmu ya ce bayi ake saye a kasuwar Salaga."

Na leƙa bayan faifai. Bauta ba ta cikin dokokin, amma na san ruhinsu. Na ce, "'Yan uwa ne da suka zo taimako."

Baba Seidu ya ture takardarsa gefe. Can ya ce, "Karaci, kakana mace, a Salaga aka sayar da shi. Ba taimako ya je yi ba." Ya tashi ya koma kan keken ɗinkinsa. Mako uku ayari ba Jagaba.

Ni na zaci mai tsabtace labari ba ya cutar da kowa. Ashe wanda aka share wa ciwonsa daga labari yakan kasance yana zaune a kan tabarmar. Saboda haka ki yi yadda Baba Seidu ke yi kowace Sallah: ba ya ɗinka wa yaro riga da awon bara, ko da uwar ta rantse bai girma ba. Dokar da na yanka wa 'yar shekara shida na ci gaba da cusa wa 'yar sha uku, har ɗinkin ya fara ɓarkewa, ina cewa rigar ce ke da taurin kai. In ɗalibanki sun bambanta a shekaru, ki shimfiɗa tabarma biyu a ranaku biyu. Ta ƙanana, ki bar kura ta tafi ba ta ci kowa ba, babu laifi. Ta manya, ki tambaye su tun kafin a fara: me za ku iya ji, me kuke so a bari a bayan ƙofa? Za su faɗa miki. Ni ban taɓa tambayar kowa ba, na yi shawara da tafireta ne kawai.

Da abin ya tsaya a tebur, da yanzu dariya kawai muke yi. Amma dokar da mutum ya saba da ita a wasa takan bi shi har cikin ɗaki. Da mahaifiyarku ta kwanta, kina da shekara goma sha huɗu, sai na tarar ina tafiyar da gidana da takardar bayan faifai. Babu ciwon da ya wuce mura. Na ce muku zazzaɓi ne mai naci. Da aka kwantar da ita a babban asibiti, na kwashe ku na kai gidan Gwaggonku a unguwar Kanda, na ce can ya fi shiru don karatu. Kullum da yamma nakan biyo, ki tare ni a ƙofa ki ce, "Baba, yaya Mma?" in ce, "Da sauƙi." Kika ce za ki je ki gan ta. Na ce ita da kanta ta ce ki zauna ki yi shirin jarrabawa. Wannan ita ce amsar da kika riƙe har ranar da aka zo aka ɗauke ku, kuka tarar an riga an yi mata wanka.

Tambayarki ta farko a ranar uku kika yi, na ce ajali ne. Ta biyu bayan arba'in, na ce likitoci ma ba su gane ba. Duka biyun a tsaye kika yi su, kina kallon ƙasa kamar yadda tarbiyya ta koya miki, ni kuma na fake a bayan tarbiyyar.

Ta uku a tebur kika yi ta, kuma ita ce ba ta barina in yi barci mai daɗi.

Wata huɗu bayan rasuwar, Hajiya Memuna da kanta ta ce a dawo da wasa, gidan ya yi shiru da yawa. Muka zauna. Kujerar atamfa ba kowa. Ayari ya sauka a wani zango, ban ko gama bayyana wurin ba kika ce, "Akwai wata mata a cikin ayarina, ba ta da lafiya. Na tsayar da tafiya. Zan zauna kusa da ita."

Na ce babu irin wannan mata a takarda.

Kika ce, "Ni ce Maduga. Na san mutanena." Sannan kika dube ni, ido cikin ido, yadda wasa kaɗai ya halatta mana. "Ina ne ke mata ciwo?"

Na ce jikinta ne dai ba daɗi.

"Ina a jikin?"

Na ce gajiyar hanya ce.

"To a jefa mata ƙwaya. In za ta tashi, ta tashi. In ba za ta tashi ba, ina so in kasance a wurin, in ji abin da za ta ce."

Baba Seidu ya sunkuyar da kai. Hajiya, da ke tsince shinkafa a bakin ƙofarta, ta daina. Na jefa ƙwayoyin a bayan faifai. Ɗaya da ɗaya. A duk dokar wasan babu abin da ya fi wannan muni. Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, 'yata ta share mini hanya da hannunta, ta sa wa maganar riga don kada in ji kunya. Abin da ya rage mini kawai in shiga. Sai na gyara murya na ce, "Shida da shida! Ga wani mai magani ya ɓullo daga gabas a kan raƙumi..."

Kika miƙa hannu kika kwantar da faifan. Ba da fushi ba, a hankali, kamar mai buɗe tukunya. Kika dubi ƙwayoyin.

"Baba, ɗaya da ɗaya ne."

Na fara bayani a kan cewa teburin ya karkace. Kika ninke takardar Maduga gida huɗu, kika ajiye ta gabana, kika ce, "A gafarce ni, zan ɗora ruwa." Tun daga ranar ba ki sake zama a tebur ba, kuma tsakanina da ke sai "ina kwana" da "ga abinci". Ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba. Da kin yi, da ya fi mini sauƙi.

Hajiya ta same ni bayan an watse. Na ce mata, cikin muryar lauya, dokarta na bi. Ta ce, "Ei, Karaci, kada ka rataya mini. Ni na ce kada a yanka mutum gaban ɗan yaye. Ban ce ka yi wa marainiya ƙarya ba."

Nasihata a nan gajeriya ce, domin ba ni da fuskar tsawaita ta. In yarinya ta kawo miki ciwonta a naɗe cikin wasa, ta zaɓi ƙofar da za ta iya shiga ne. Kada ki rufe. Ba dole ki faɗi komai da komai ba, kina iya cewa, "Wannan za mu yi maganarsa ni da ke bayan an tashi," muddin za ki cika. Amma kada ki canza abin da ƙwaya ta nuna. Wanda ya kama ki kin yi masa ƙaryar alheri sau ɗaya, zai riƙa shakkar har gaisuwarki.

To, na zagaya iyakar zagayawa, hanya ta ƙare. Alƙalamina ya yi minti ashirin a tsaye a kan wannan layi, har tawada ta ɗiga, kina ganin tabon.

Ciwon daji ne ya kashe mahaifiyarki. A nono ya fara, na hagu. Ta ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino, ta ɓoye wata takwas saboda kunya, tana ɗaura zane sama tana zuwa Makola kamar kullum. Da ta faɗa mini, ni, mai karatu, na ɗauko wani tsohon littafin likitanci na Tudu, na duba, na yanke hukunci cewa maruru ne. Wata uku muka ƙara muna gasawa da ruwan zafi bisa fatawata. Ranar da muka isa asibiti, likita ya duba ta, ya dube ni, bai zage ni ba. Ya tambaya kawai, "Tun yaushe?" A nan ne kuma ta faɗi abin da ban sani ba: shi ya kashe mahaifiyarta a zangon Kumasi, aka ce iska ce, shi ya kashe ƙanwar mahaifiyarta. Likitan ya ce irin wannan yakan bi jini, a faɗa wa 'ya'ya mata in sun girma. Na ce to. Na ce wa kaina ba ku girma ba tukuna, kuma kowace shekara na sake ce wa kaina haka.

Maganar cewa ita ta ce ki zauna ki yi karatu, ni na ƙirƙira. Ba ta taɓa faɗa ba. Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibiti, kuma babu ranar da na shiga ba ta dubi bayana ba, ta ga ko kina biye. Takan ce, "Malam, ina babbar?" In ce wurin nan ba na yara ba ne, gobe. Ta rame ƙwarai, ɗakin yana wari, na ce ina kare ki. Kaina nake karewa daga tsayawa tsakaninku ina kallo.

Ranar Alhamis da hantsi, da ta ga na sake shigowa ni kaɗai, ta sa na matso. Ga abin da ta ce. Ban sa masa ado ba, ban rage ba, wannan karon.

"Tunda ba za ka kawo ta ba, ka zama ɗan aike, kuma kada ka gyara mini magana. Ka ce mata nono ne. Ka faɗi kalmar, ba za ta ƙone maka baki ba. Ka ce uwata ma shi ne. Ka ce duk wata ta taɓa jikinta da hannunta, in ta ji wani abu ko kamar ƙwayar gero ne, ta tafi asibiti a ranar, ko da tukunya na kan wuta. Ni kunya ba ta saya mini komai ba. Kada wani ya ce mata na tafi ina murmushi. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ga shi ina tafiya duk da haka, ta san ana iyawa. Ta kula da Adiza amma kada ta zama uwarta, ta yi nata rayuwar. Kuma Malam, ka ce mata na san ba ita ta ƙi zuwa ba."

Da La'asar ta cika.

Shekara bakwai saƙon nan yana hannuna. Ke kuma shekara bakwai kina ɗauke da zaton cewa uwarki, a kwanakinta na ƙarshe, ta fifita jarrabawa a kan fuskarki. Ni na ɗora miki wannan kaya. Ki sauke shi a nan, a duk garin da motarku ta kai sa'ad da kike karanta wannan layi.

Ba zan nemi gafararki a takarda ba. Wanda ke cikin mota tana gudu ba shi da halin ƙi yadda ya kamata, kuma kina da haƙƙin ƙi. Abu ɗaya nake roƙo, ba a matsayin uba mai umarni ba, a matsayin ɗan aiken da ya makara: cikin makonki na farko a Tamale ki je asibiti, ki nemi nas mace, ki faɗa mata tarihin nan kamar yadda na rubuta shi, ta koya miki yadda ake dubawa. In kin je, ki aiko mini da layi ɗaya, "Na je." Ba sai kin haɗa da gaisuwa ba.

Adiza ba ta san abin da ta ɗauko miki ba, kuma ban ɗora miki faɗa mata ba. Da bakina zan gaya mata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Hajiya Memuna ta yarda za ta zauna a bakin ƙofa, ta ce in na fara kawo tarihin Bagadaza za ta jefe ni da muciya.

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya haskaka kabarinta, ya ba ta ladan haƙurin da ta yi da mai karatu. Allah ya tsare jikinki daga abin da ya ɗauke ta, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masauki, ya haɗa ki da maƙwabta masu faɗa miki gaskiya ko da ba ki tambaya ba. Allah ya sa 'yan matan da za a damƙa miki su same ki kin fi ubanki ƙarfin zuciya. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, in kuma kin ga dama wata rana, ya dawo mini da ke lafiya. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Inuwa Akawu